Ƙusoshi huɗu a muƙamuƙin Gösta Larsson: labarin dashen haƙori na farko da ya kama

A shekarar 1965, a birnin Gotenbag na ƙasar Siwidin, an huda ƙashin muƙamuƙin ƙasa na wani mutum mai shekara 34 a wuri huɗu, aka ɗaura masa ƙusoshi masu zare na ƙarfen titaniyom, aka mayar da dasashi aka ɗinke. Sunansa Gösta Larsson. Wanda ya jagoranci aikin, Per-Ingvar Brånemark, ba likitan haƙori ba ne. Likita ne mai binciken ƙashi da yadda jini ke zagayawa a cikinsa, kuma wannan kaɗai ya isa ya jawo masa rigimar da ta ɗauki shekara goma. Larsson ya rasu a 2006, ƙusoshin nan huɗu suna nan daram a bakinsa bayan sama da shekara 40 yana tauna abinci da su.

Duk wanda ka ji an yi wa dashen haƙori yau, a Alƙahira ne ko Istambul ko Legas, a kan wannan aikin aka gina nasa. Amma labarin da aka fi yayatawa shi ne na sa'a: wai an yi dace da wani ƙarfe da jiki ba ya ƙi. A ganina ƙarfen shi ne ƙaramin rabo a cikin nasarar.

Halin da majinyacin ya zo da shi

An haifi Larsson a 1931 da tsagaggen ganɗa da nakasa a muƙamuƙi da haɓa. Lokacin da ya isa hannun Brånemark babu haƙori ko ɗaya a muƙamuƙinsa na ƙasa. Tauna wahala, magana ma wahala.

Wani zai ce ai sai a yi masa haƙoran roba irin na cirewa da mayarwa. A nan ne matsalar take. Ƙashin da ke riƙe da haƙori yana nan ne saboda haƙorin; da zarar an cire, ƙashin ya rasa nauyin da yake ɗauka, sai jiki ya fara zaizaye shi. Wani bincike da aka yi a Danmak, aka buga a 2003, ya nuna faɗin ƙashin wurin da aka cire haƙori yana raguwa da kusan rabi cikin shekara guda, mafi yawan raguwar kuma a wata ukun farko. Tun kafin nan, a 1972, wata mai bincike Antje Tallgren ta fitar da sakamakon bin diddigin masu haƙoran roba na tsawon shekara 25, ta ga muƙamuƙin ƙasa yana zaizayewa kusan ninki huɗu na na sama.

Haƙoran roba na sama suna da wurin kamawa, domin suna manne wa ganɗa. Na ƙasa ba su da komai sai ɗan tudun dasashi, ga harshe yana turo su ta ciki, ga kumatu da leɓe suna turo su ta waje. In tudun ya baje, shi ke nan. Mutum yana cikin magana sai su ɗago, yana cin nama sai su zame, dasashi ya yi ta gyambo. Wanda ke da tsoho mai irin waɗannan haƙora a gida ya san yadda yake kawar da kai ya cire su ya naɗe a hankici kafin ya sa hannu a kwano. Ga wanda aka haifa da muƙamuƙi mai nakasa kamar Larsson, abin ya fi haka muni.

Ba wai ba a taɓa gwada kafa ƙarfe a baki ba. A shekarun 1940 wani ɗan Siwidin ɗin ma, Gustav Dahl, ya fito da wani firam na ƙarfe da ake shimfiɗawa a kan ƙashi ƙarƙashin dasashi. A Amurka Leonard Linkow yana cusa wani falalen ƙarfe mai kama da reza a cikin ƙashi. Wasu sun amfana na ɗan lokaci. Amma abin da ya saba faruwa shi ne jiki ya naɗe ƙarfen da wata tsoka mai laushi irin ta tabo, ya yi ta girgiɗi, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa, wuri ya yi mugunya, a ƙarshe a ciro shi tare da guntun ƙashi. Shi ya sa manyan malaman haƙori na jami'o'i suke kallon dashe a matsayin aikin 'yan damfara. Kuma, in za a yi adalci, suna da hujjarsu.

Daga ƙafar zomo

Brånemark, haifaffen 1929, ya yi karatunsa a jami'ar Lund. Yadda aka saba ba da labarin, a 1952 yana son ya ga da idonsa yadda jini ke gudana a ɓargon ƙashi mai rai. Sai ya ƙera wani ɗan bututu na titaniyom mai gilashi, ya dasa a ƙashin ƙafar zomaye, yana leƙawa ta madubin ƙara girma. Da bincike ya ƙare ya zo cire kayan aikinsa, sai suka ƙi fita. Ƙashi ya kama ƙarfen gam.

Ba shi ne na farko da ya ga haka ba. A Amurka wasu masu bincike sun lura da shi a 1940, kuma a 1951 Gottlieb Leventhal ya ɗaura ƙusoshin titaniyom a ƙashin cinyar ɓeraye ya ga kullum sai ƙara kamawa suke. Sun rubuta, sun wuce. Bambancin Brånemark shi ne bai wuce ba. Ya koma Gotenbag a 1960, ya tara ƙungiya, ya shafe shekaru yana gwaji a muƙamuƙin karnuka. Har wasu ɗalibai masu sa-kai ya dasa wa ƙananan na'urorin titaniyom a dantse don ganin yadda naman mutum zai karɓe su, abin da da wuya wani kwamitin ɗa'ar bincike ya sa wa hannu cikin sauƙi a yau.

Dalilin da ya sa titaniyom ya bambanta: da zarar ya haɗu da iska, nan take sai wata 'yar fata siririya ƙwarai ta rufe shi, haɗin ƙarfen da iskar oksijin. Wannan fatar ba ta narkewa a ruwan jiki, ba ta barin ƙarfen ya yi tsatsa. Ke nan abin da ƙashi yake taɓawa ba ƙarfen tsura ba ne, wannan fatar ce, kuma ƙwayoyin ƙashi suna iya gini a kanta kai tsaye ba tare da tsokar tabo ta shiga tsakani ba. Wannan haɗewar ƙashi da ƙarfe ita ce Brånemark ya ba suna ya kuma gina aikinsa duka a kanta.

Sai dai ƙarfen bai isa ba. An sha dasa titaniyom ya ƙi kamawa.

Abin da aka yi, da abin da aka ƙi yi

An sa wa Larsson ƙusoshin a gaban muƙamuƙi, wurin haɓa. Ba zaɓin banza ba ne. Nan ne ƙashin baki ya fi tauri, nan ne kuma yake saura bayan ko'ina ya zaizaye. Sa'an nan akwai babbar jijiya da ke ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa ta kowane gefe, ta fito ta wani ɗan rami kusa da ƙananan turame ta ba leɓe da haɓa ji. Wanda ya huda ta ya bar mutum da mataccen leɓe, wani lokaci har abada. Tsakanin ramukan nan biyu fili ne da babu wannan haɗarin. Bayan an bar wurin ya warke na watanni, sai aka ɗora masa jerin haƙora da aka ɗaure a kan ƙusoshin, ba na cirewa da dare ba.

Tsarin da ƙungiyar ta daidaita a kai a shekarun da suka biyo baya, kusan duk hani ne. Kada a ƙona ƙashi. Kada a gurɓata ƙarfe. Kada a ɗora nauyi da wuri.

Batun ƙonawa shi ya fi ba ni sha'awa, domin a nan ake ganin amfanin zuwan mutumin daga wani fanni. Likitan haƙori ya saba da injin huda mai gudun tsiya, saboda abin da yake sassaƙa kullum shi ne saman haƙori, abu mafi tauri a jikin mutum. Brånemark kuwa ya shafe shekaru yana kallon ƙananan hanyoyin jini a cikin ƙashi, ya san yadda ɗan zafi kaɗan ke tsayar da su cak. Don haka a wurinsa ana huda ramin ne mataki-mataki, daga siririn baki zuwa mai ɗan kauri, ana kwarara ruwan gishiri mai sanyi ba ƙaƙƙautawa, a yanka zaren a hankali ƙwarai. Daga baya, a 1983, Anders Eriksson da Tomas Albrektsson, su ma a Gotenbag, suka auna iyakar: in ƙashi ya kai zafin digiri 47 na minti ɗaya, ya fara lalacewa. Digiri goma ke nan kacal sama da zafin jiki. Shayin da muke kurɓa da safe ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Ƙashin da ya ƙone ba ya gina sabon ƙashi, tabo yake yi. Ke nan da yawa daga cikin dashen da suka lalace a baya, tun a kan kujerar tiyata aka kashe su, ba jiki ne ya ƙi ƙarfe ba.

Shi kansa ƙarfen ba a taɓa shi da hannu ko da wani ƙarfe daban. Da kayan aiki na titaniyom ake ɗaukarsa, don kada a ɓata fatar nan tasa.

Sai jira. Ana binne ƙusar gaba ɗaya a ƙarƙashin dasashi a ɗinke, a bar ta kamar wata uku zuwa huɗu a muƙamuƙin ƙasa, kusan wata shida a na sama inda ƙashi ya fi laushi. Sai a sake 'yar ƙaramar tiyata a buɗe, a ɗaura mahaɗi, sa'an nan a ɗora haƙora. Dalili shi ne sabon ƙashi mai tasowa ba ya jure motsi. In ƙusar tana ɗan girgiɗi a makonnin farko, tabo zai fito maimakon ƙashi. Kamar mai gini ne da ya zuba kankare yau, gobe ya ɗora bene. Ga majinyacin da ya ƙagu ya ci tsire, wata shida ba wasa ba ne, ga likitan da ke son a biya shi ma haka.

Rigima

Larsson ya samu lafiya, amma malaman haƙori na Siwidin ba su karɓa ba. Me ya kawo malamin ilimin sassan jiki bakin mutane? Ga kuma tsohuwar ƙa'idar da kowa ya haddace a aji, cewa duk baƙon abu da aka sa a ƙashi sai jiki ya naɗe shi da tabo. An yi ta ƙin ba shi kuɗin bincike a gida, har sai da cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka suka tallafa.

Albrektsson, wanda ya yi aiki da shi shekaru masu yawa, ya ba da labarin wani taro a 1969. Wani babban malamin haƙori ya miƙe ya ce shi bai yarda da mutumin da ake buga labarinsa a mujallar Reader's Digest ba. Shi kuma malamin nan an san shi a ƙasar da tallan wani samfurin tsinken sakace. Sai Brånemark ya mayar masa cewa shi ma bai yarda da mai tallata kansa a bayan kwalin tsinken sakace ba. Amsa ta yi daɗi, amma ba irin wadda ke ƙara wa mutum masoya ba ce.

Ya kamata a faɗi wani abu a madadin masu sukar. Majinyaci ɗaya ba hujja ba ne. Kowane mai sabon salon dashe a wancan zamani yana da nasa mutum ɗaya da zai nuna a taro yana murmushi. Ƙari a kan haka, sakamakon Gotenbag na shekarun farko bai kai na baya kyau ba. Ƙungiyar da kanta ta raba aikinta gida uku, na gwajin farko daga 1965, na gyara tsari daga 1968, sai na yau da kullum daga 1971. Da Larsson kaɗai aka dogara, da masu shakka sun fi gaskiya.

Abin da ya raba gardama lissafi ne. Duk wanda aka yi wa aiki ana kiransa ya dawo, a duba, a ɗauki hoton ƙashi, a auna, a rubuta, har da waɗanda nasu ya faɗi. A tsakiyar shekarun 1970 hukumar lafiya ta Siwidin ta sa farfesoshi uku na jami'ar Umeå suka duba majinyatan da kansu, kuma bayan rahotonsu aka amince da tsarin. A 1977 aka buga rahoton shekara goma. A 1981 Ragnar Adell da abokan aikinsa suka fitar da na shekara 15: ƙusoshi 2,768 a muƙamuƙai 410 na mutum 371. A rukunin da aka bi na shekara biyar zuwa tara, kashi 91 cikin ɗari na ƙusoshin ƙasa suna nan, na sama kashi 81. Jerin haƙoran da aka ɗora kuwa, na ƙasa duka suna aiki, na sama kashi 89, domin ko ƙusa ɗaya ta faɗi sauran suna riƙewa. Ƙashin da ke bakin ƙusa yana sauka kamar milimita ɗaya da rabi daga lokacin warkewa zuwa ƙarshen shekarar farko, daga nan sai kashi ɗaya cikin goma na milimita a shekara. Ba wanda ya taɓa ajiye irin waɗannan alƙaluma a kan tebur game da dashen haƙori.

A Suwizalan ma André Schroeder na jami'ar Bern ya kai ga abu ɗaya ta tasa hanyar, ya yanka ƙashi da ƙarfe tare ya nuna a madubi a 1976 cewa babu komai tsakaninsu. Sai George Zarb na jami'ar Toronto, wanda ya je Gotenbag ya gani, ya maimaita aikin a Kanada, ya kira taro a watan Mayun 1982 ya gayyato makarantun haƙori na Arewacin Amurka. Daga wannan taron abin ya bazu. Kamfanin da ya ɗauki ƙera ƙusoshin kuwa Bofors ne, masu ƙera bindigogi. Reshen da suka kafa shi ne daga baya ya zama Nobel Biocare.

Dabarar ba ta tsaya a baki ba. A 1977 Anders Tjellström ya dasa ƙusa a ƙashin bayan kunne aka maƙala na'urar ji. Aka zo ana maƙala kunnen roba da hanci da ido ga waɗanda ciwon daji ko haɗari ya cinye wa fuska. A 1990 aka fara kafa ƙafar roba kai tsaye a ƙashin cinya, aikin da ɗansa Rickard ya ci gaba da shi. Brånemark ya rasu a Gotenbag a watan Disambar 2014.

Abin da wannan lamari bai nuna ba

Shekara 40 ɗin Larsson ita ake sawa a takardun talla, don haka ya kamata a duba ta da kyau. An dasa masa a wuri mafi sauƙi a baki, a ƙashi mafi tauri. Wanda ya rasa turmi a sama ta baya, inda ƙashi ke da laushi kuma kogon hanci yake dab da shi, lissafinsa daban ne. Sau da yawa sai an fara ƙara masa ƙashi an jira. Larsson kuma yana hannun mutanen da sunansu ya rataya a kan bakinsa, suna dubansa shekara da shekaru.

Wannan ba irin haƙorin Makka ba ne, da ake yi wa haƙori mai rai hula a tashi a tafi. Ba kuma haƙori ba ne sak. Haƙorin Allah yana rataye ne a raminsa da wasu ƙananan zaruruwa masu ɗan ba da kai, masu ji. Su ne ke sa ka dakata nan take in ka ci karo da tsakuwa a shinkafa. Dashe ba shi da su, a manne yake da ƙashi, don haka mai cizon haƙora a barci ko mai fasa ƙashi da baki yana iya karya abin da aka ɗora bai ankara ba. Ƙarfe ba ya ruɓewa, gaskiya ne, amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna kamuwa, kuma sau da yawa ba zafi sai abu ya yi nisa. Mai shan sigari, mai ciwon suga da bai daidaita ba, da wanda cutar dasashi ce ta zubar masa da haƙoran tun farko, su ne suka fi shiga haɗari. Ba a kuma yi wa yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba, domin sauran haƙora za su ci gaba da tasowa su bar dashen a inda aka kafa shi.

Batun jira ya sauya. Yanzu ana kausasa jikin ƙusar don ƙashi ya kama da wuri, kuma in ta ɗauru tamau a ƙashi mai kyau ana iya ɗora haƙoran wucin gadi a ranar. Brånemark da kansa ya fito da irin wannan tsarin na rana ɗaya a 1999, don muƙamuƙin ƙasa. Ke nan tallan "haƙora cikin kwana ɗaya" ba ƙarya ba ne a kan kansa. Abin tambaya shi ne wa aka zaɓa aka yi wa, kuma wa zai duba shi bayan shekara uku. Mai tashi daga Kano ko Yamai ya je wata ƙasa a yi masa cikin mako guda ya dawo, ya kamata ya taho da sunan kamfanin ƙusar da lambarta a rubuce, domin kowane kamfani da irin mahaɗinsa da abin kwance shi, kuma likitan gida ba zai iya kwance abin da ba shi da makullinsa ba.

Jami'ar Gotenbag ɗin ce dai ta sake auna lamarin a 2016. Jan Derks da abokan aikinsa suka zaɓo mutanen da aka yi wa dashe a asibitoci daban-daban na Siwidin, ba a cibiyar ƙwararru ɗaya ba, suka duba mutum 588 bayan shekara tara. Kashi 45 cikin ɗari suna da kumburin dasashi tare da zaizayar ƙashi a kewayen dashe, kuma a kashi 14.5 cutar ta kai matsakaiciya ko mai tsanani. Waɗanda suka zo da cutar dasashi, da waɗanda aka sa wa ƙusa huɗu ko fiye, sun fi kamuwa.